Zangon Kwatano: Daga Jiran Ayari zuwa Jiran Amsar Waya

Kalmar zango tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Asalinta wurin da fatake suke sauke kaya su kwana ne, dabbobi su sha ruwa, gari ya waye a ɗaura a ci gaba. Sannu a hankali waɗansu zangunan suka zama unguwanni na dindindin. Akwai Zango a Kumasi, akwai a Akara da Lome, akwai kuma a Kwatano, babban birnin ciniki na Jamhuriyar Benin. Abu ɗaya ya haɗa waɗanda suka kafa unguwannin nan, wato kowannensu ya baro wani a gida. Saboda haka maganar da take damun mutanen wannan zamani, ko wajibi ne a sami mutum a waya dare da rana, tana da dogon tarihi a Zango. Tarihin kuwa ya nuna cewa amana ce ta riƙe ciniki da zumunci sa'ad da ba a jin juna, ita ce kuma ake bukata yanzu da ake jin juna kullum.

Zamanin ayari

A ƙarni na 19 babbar hanyar fatauci ta tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta ƙetare Kwara, ta bi ta ƙasar Bargu, ta ratsa garuruwa irin su Nikki da Paraku da Jugu, waɗanda yau suke arewacin Benin, har ta kai Salaga a ƙasar Gwanja. Fatake suna kai tufafi da kanwa da fatu da dabbobi, su komo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan sana'a. A 1826 Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya tarar da wani ayari a Kayama yana komowa daga Gwanja, mutanen cikinsa maza da mata sun fi 1,000. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki yana taimakon madugu wajen biyan fito da shirya da sarakunan hanya.

Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. A duk tsawon wannan lokaci iyalin falke ba su da hanyar jin muryarsa. Labarinsa yana zuwa ne a bakin ayarin da suka yi kiciɓis a hanya, ko a takarda da wani malami ya rubuta aka ba amintacce. Rubuta wasiƙa ilimi ne mai zaman kansa a lokacin. Malam Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Karachi a 1934, ya wallafa littafi sukutum da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Wasiƙar da za ta yi wata uku a hanya dole a auna kowace kalma a cikinta, gama ba za a sami damar gyara ta gobe ba.

Rabuwa mai tsawo ba abin mamaki ba ce. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana yaro mahaifiyarsa ta koma Akara da zama. Sai da ya tasa ya bi hanyar Gwanja kafin ya sake ganinta. Masu zuwa Makka a ƙasa kuwa sukan yi shekaru, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri a Chadi da Sudan.

Tanadin da aka yi wa shiru

Da yake rashin jin labari shi ne halin yau da kullum, jama'a ta yi masa tanadi. Na farko shi ne maigida, wato mai masaukin baƙi a Zango. Shi yake sauke falke, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayar da kaya bashi, ya kuma riƙe masa kuɗi har ya komo. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969. Ya nuna yadda ake sayar da shanun arewa bashi ga mahauta, mai shanu ya dogara ga maganar maigidansa kaɗai. Maigidan da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai bi hanya har arewa, baƙi su daina sauka a gidansa. Wannan tsoro, tare da tsoron Allah, shi ya tsare dukiyar mutumin da ba ya nan.

Na biyu shi ne wakili. Mai tafiya yakan bar ƙaninsa ko babban yaronsa a kan gida da rumbu, da izinin yanke shawara. Ba a jiran a tambaye shi kafin a yi wa jariri suna ko a kai marar lafiya wurin magani.

Na uku shi ne shari'a. A mazhabar Malikiyya, wadda malaman Zango suke bi, matar da mijinta ya ɓace takan kai magana gaban alƙali. Idan an bincika ba a sami labarinsa ba, kuma ya bar abin da za a ciyar da ita, sai a sa mata wa'adin shekara 4, bayan haka ta yi takaba. Wannan hukunci ya nuna irin ma'aunin da ake auna shiru da shi a wancan zamani.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin daɗi ne zalla. Mutum yakan ji rasuwar mahaifiyarsa bayan an yi sadakar arba'in. Mata da yawa sun tsufa suna duban hanya. Falke yakan kai kaya kasuwa ya tarar farashi ya faɗi tun yana tsakiyar daji. Amma duk da wannan wahala, ba a ɗaukar shirun matafiyi a matsayin laifi. Wanda ba a ji daga gare shi ba, addu'a ake yi masa.

Yadda hanya ta juyo Kwatano

A ƙarshen ƙarni na 19 hanyar Gwanja ta lalace. Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, Hausawan garin suka bazu, waɗansu suka gangara bakin teku. A daidai wannan lokaci Faransawa suna yaƙi da Sarki Behanzin na Dahome. Sun shiga Abome a 1892, shi kuma ya ba da kai a 1894. A farkon shekarun 1890 suka gina gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku a Kwatano domin sauke kayan jirage, daga baya suka ja layin dogo zuwa arewa, wanda ya isa Paraku a tsakiyar shekarun 1930. Ƙaramin ƙauyen bakin ruwa ya zama gari, 'yan arewa kuma suka biyo ciniki. Unguwar Zango ta girma ba nisa da tashar jirgin ƙasa da bakin teku, Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulani da Yarabawa Musulmi suka zauna tare, babban masallacinta kuma ya zama sananne a birnin.

A 1959 Dahome da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri. Dahome ta sami mulkin kai ran 1 ga Agusta 1960, aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a 1965, aka kuma sauya sunan ƙasar zuwa Benin a 1975. Da yake Nijar ba ta da teku, Kwatano ta zama ƙofarta. Kaya sukan sauka a tashar, su hau zuwa Paraku, su ƙetare gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, su nufi Yamai ko Ƙonni ko Maraɗi, da yawa kuma su ƙarasa kasuwannin Katsina da Kano. Shinkafa da atamfa da gwanjo da tsofaffin motocin Turai duk sun bi wannan hanya, har kalmar Kwatano ta zama sunan irin motar a bakin mutanen Kano.

A wannan zamani labari ya ƙara sauri, amma bai daina jira ba. Akwai gidan waya, inda ake aika takarda ko a buga tangaraho idan abu ya yi tsanani. Ita kalmar waya ma da farko sunan igiyar ƙarfen da aka ja bisa turaku ne. Direbobin manyan motoci suka gaji aikin ayari, suna ɗaukar wasiƙa da sallahu da kuɗi. Da rakoda ta yawaita, wanda bai iya rubutu ba yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba, iyali su taru su saurara, su ɗauki amsa. Rediyo ma ta taimaka. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, filayen gaishe-gaishe kuma suka zama wurin da ɗan Zango yake sanar da dangi cewa yana nan lafiya. A shekarun 1990 aka sami shagunan buga waya. Mutum yakan aika a gaya wa ɗan'uwansa ya zo shago kaza ran Juma'a bayan la'asar, za a kira shi. Har zuwa lokacin magana tana da rana da sa'a, sauran kwanakin mako kuwa na mutum ne da aikinsa.

Waya ta shiga aljihu

Intanet ta iso Benin a ƙarshen 1995, lokacin taron ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Kwatano a watan Disamba, amma ta daɗe tana hannun ofisoshi da 'yan boko. Abin da ya taɓa kowa shi ne wayar salula. A shekara ta 2000 kamfanoni uku suka fara aiki da tsarin GSM, wato Libercom na gwamnati, da Telecel, da BeninCell. Daga baya Telecel ya zama Moov, BeninCell ya zama Areeba, sannan MTN. Nijeriya ta bi sahu a watan Agusta 2001, Nijar ma a wannan shekara. Cikin ɗan lokaci Alhaji yana zaune a Kantin Kwari yana magana da yaronsa da ke tsaye a bakin tashar Kwatano.

Amfanin abin a fili yake. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta tarar cewa inda waya ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance. Direban da motarsa ta lalace a daji yana iya neman taimako. Uwa tana jin muryar ɗanta ba sai ta jira kaset ba. Da aka fara aika kuɗi ta waya, kuɗin cefane yakan isa Maraɗi kafin a sauke tukunya.

Sai dai kowace riga da irin ƙaiƙayinta. An ƙirƙiro WhatsApp a Amurka a 2009. A 2013 aka sa masa saƙon murya, wanda ya buɗe ƙofa ga duk wanda bai yi boko ba. A watan Nuwamba 2014 aka ƙara alama shuɗiya mai nuna cewa an buɗe saƙo, ga kuma rubutun da ke nuna lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe. Daga nan shiru ya sami shaida a kansa. A da ana cewa wataƙila takarda ba ta isa ba. Yanzu mai aikawa ya san ta isa, ya san an gani, ya san ƙarfe nawa aka gani.

Ga ɗan Zango nauyin ya taru ta fuska uku. Ta fuskar ciniki, mai kaya a arewa yana so ya ji motsin kayansa a kowane shinge, a turo masa hoton kwantena da na takardar kwastan. Yaron da wayarsa ta mutu na rabin yini zai sha tambaya: "Ina ka shiga? Tun safe nake nemanka." Dillalin da bai ɗauka ba, an kira wani. Ta fuskar gida, wanda yake bakin teku ana ɗaukarsa mai samu ne, saboda haka kiran asibiti da na makaranta da na biki duk a kansa suke sauka, ba dare ba rana. In ya yi jinkiri sai a ce, "Yaya ya sami duniya ya manta da mu." Ta fuskar jama'a kuwa, akwai zaurukan dangi da na 'yan gari ɗaya da na abokan sana'a, inda ake sanar da rasuwa da haihuwa. Wanda bai sa baki a ta'aziyya a ranar ba, an lura da shi. Haka aka wayi gari saurin amsa ya zama ma'aunin amana da na zumunci, abin da a da ake aunawa da cika alkawari.

Wanda ya zaɓi ya zauna ba babbar waya, ko ya riƙa kashe ta, yana biyan kuɗin zaɓinsa. Ciniki yakan wuce shi, labarin jana'iza yakan same shi a makare, waɗansu kuma su zarge shi da girman kai ko ɓoye wani abu. Wanda ya bar ta a kunne kullum shi ma yana biya: barcinsa a yanke, hankalinsa a rabe, yana zaune da 'ya'yansa amma kunnensa yana Kano.

Kwanakin da layi ya ɗauke

Sau da dama Benin ta ɗanɗana zaman rashin waya ba da son ranta ba. A watan Yuli 2007 gwamnatin Shugaba Boni Yayi ta rufe layukan MTN da Moov, bisa dalilin cewa kamfanonin sun sauya hannu da suna ba da izini ba, ta kuma ɗaga kuɗin lasisi daga sefa biliyan 5 zuwa biliyan 30. Kusan wata biyu masu waɗannan layuka suna riƙe da wayoyin da ba sa kira, sai wanda ya koma Libercom ko Bell Benin. A watan Satumba aka shirya aka buɗe.

A watan Satumba 2018 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta sa harajin dala ɗaya, wato sefa 5, a kan kowane megabait da aka kashe a WhatsApp da Facebook da makamantansu. Jama'a, musamman matasa, suka yi ca, aka soke harajin ran 22 ga watan, bayan 'yan kwanaki kaɗan. Wannan ya nuna cewa abin da aka ɗauka kayan marmari ne a 2000 ya riga ya zama kamar ruwan sha. Ran 28 ga Afrilu 2019, ranar zaɓen 'yan majalisa, aka katse intanet a ƙasar. Ran 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni ƙwarai a Benin da maƙwabtanta na kwanaki.

Akwai kuma darasi ta ɗaya gefen. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Malanbil da Gaya, ɗaruruwan manyan motoci suka yi jerin gwano makonni. A waɗannan lokuta waya tana aiki sarai. Mai kaya yana iya kiran direbansa sau goma a yini, ya ga hoton motarsa a tsaye, amma kiran bai matsar da ita taku ɗaya ba. Abin da ya rage masa shi ne abin da ya rage wa kakansa: ya amince da wanda ya ba kaya, ya yi haƙuri.

Abin da Zango ya riga ya sani

Damuwar ba ta Zango kaɗai ba ce. A Faransa dokar da ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2017 ta umarci kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su shirya da ma'aikatansu a kan lokutan da ba za a neme su da saƙon aiki ba. Amma dillali da direba da mai shago ba su da irin wannan doka, kuma babu majalisar da za ta hana uwa kiran ɗanta. Maganinsu sai dai ya fito daga al'ada.

Al'adar kuwa tana da shi. Ladabin sallama ya koyar da cewa baƙo yakan yi sallama sau uku, in ba a amsa ba ya juya ba tare da fushi ba, domin mai gida yana da haƙƙin kasancewa cikin wani uzuri. Musulmi sun san i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, sa'ad da mutum yake barin kasuwa ya keɓe a masallaci, ba wanda yake cewa ya yanke zumunci. Kirista sun san ranar hutu, sun kuma san cewa Yesu Almasihu yakan bar taro ya tafi wurin da ba kowa domin addu'a, alhali mutane suna nemansa da bukatu na gaske. Duka addinan biyu sun yarda cewa mutumin da ba ya samun keɓewa, a ƙarshe ba zai sami abin da zai ba jama'a ba.

Sai dai falken da bai yi sallama da kowa ba, bai bar wakili ba, bai faɗi lokacin komowarsa ba, ko a zamanin ayari ba a yaba masa. Shirun da aka girmama shi ne wanda aka yi wa shiri. Mai son ya huta da waya yau yana da wannan misali a gabansa. Ya sanar da abokan cinikinsa sa'o'in da ake samunsa, ya kuma tsaya a kansu. Ya nuna wa iyalinsa wanda za a nema idan abu na gaggawa ya taso. Ya cika abin da ya ce zai aika a ranar da ya ce. Wanda aka san shi da haka, kashe wayarsa da dare ba zai zama abin zargi ba. Mai kira kuma yana da nasa rabo: ya bambanta abin da yake na gaggawa da abin da zai iya kwana, ya kuma kyautata zato ga ɗan'uwansa kamar yadda kakanni suka yi wa wanda ya yi wata shida a hanyar Gwanja.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Waya ta rage wa ƙafa aiki, wannan kuwa abin godiya ne. Amma har yanzu idan an yi rasuwa a Zangon Kwatano, waɗanda suka zo suka zauna a tabarma su ne ake tunawa, kuma idan za a ba mutum kayan miliyoyi, halinsa ake tambaya kafin lambarsa. Allah ya ba masu kira haƙuri, ya ba waɗanda ake kira riƙon amana.